Ba Ta Iya Komai Ba

Dutsen Alhaji, Abuja
28 ga Yuni, 1992

Zuwa ga Kawu Badaruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da Gwaggo Rukayya da sauran mutanen gida. Yaya gwiwar? Inna ta aiko min cewa har yanzu a zaune kake sallah. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ɗakin da na kama yana yoyo daidai kan katifa, kullum ina jan ta daga wannan bango zuwa wancan.

Ka yafe min shirun da na yi tun da aka kwaso hukumarmu daga Legas. Garin nan har yanzu gina shi ake yi muna ciki. Fayil-fayil ɗinmu, dubu arba'in da wani abu, suna cikin kwalaye a wani sito a Idu. Ka tuna aikin da na ce maka ina yi bara? Wata bakwai na yi ina rubuta wa kwamfuta furogiram, wato jerin umarnin da take bi. Yanzu in aka buga sunan fayil, sai ta faɗi kwalin da yake ciki da layin da aka ajiye shi. Da shi kaɗai ake gano takarda a hukumar nan.

To ga abin da ya taso. An fito da sabon tsarin tafiyar da kwamfuta. Wanda muka saba da shi baƙin allo ne, ka rubuta umarni ta amsa maka. Sabon kuwa hotuna ne da ƙananan tagogi, ana nuna su da wani ɗan abu mai wutsiya da muke ce wa ɓera. Duk furogiram ɗin da muke da shi sai an sake rubuta shi, har da nawa. Wani kamfani zai turo malamai biyu daga Legas su yi kwas na sati uku, daga 13 ga Yuli. Kujera shida ce, mu kuwa mu goma sha ɗaya ne a ɗakin kwamfuta. Ranar ƙarshe, 31 ga wata, za a yi jarrabawa a aika sunaye sama. Waɗanda suka samu kujera su ne za su ci gaba da aiki a ɗakin. Sauran biyar za a mayar da su ɗakin masu buga tafireta.

Sabon daraktanmu, Mista Thaddeus, shi ne mai zaɓe. Wata uku ke nan da kawo shi, bai gama sanin kowa ba. Ƙawata Justina, 'yar Kafanchan, ta leƙa takardar da ke kan teburinsa ta ce sunana ne na biyu, amma da fensir aka rubuta. Kowa a nan yana da wanda ya tsaya masa, ni ba ni da kowa a garin nan sai Allah. Abin dariya, rannan na ji yana ba da labari cewa a Zariya ya yi sakandare, wai wani Malam Badaru ne ya koya masa lissafi. Na yi shiru abina, ban ce na san ka ba.

Abu biyu nake roƙo. Addu'a, sai kuma shuɗin littafina na rubutu da na bari a ƙasan akwatin Gwaggo lokacin da nake zaune a gidanku. A ba Bello direba, yana shigowa Abuja Talata da Juma'a.

Taka,
Ikilima Yusha'u

Tudun Wada, Zariya
3 ga Yuli, 1992

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, ita da damina ba sa ga maciji. Gwaggonki ta ce ki sa roba a kan katifa ki daina wahalar da kanki. Ga littafin nan, da ƙullin yaji da ta daka miki.

Na karanta bayanin tagogi da ɓera sau biyu. Ban gane ba, amma na gane kujera shida da mutum goma sha ɗaya, wannan lissafi ne da na sani.

Thaddeus kuwa, yaya zan manta shi? Wani siririn yaro daga ƙasar Binuwai, bahago, kullum hannun rigarsa da tawada. Da ya zo ko ruwa bai iya roƙo da Hausa ba, a ɗakin kwanan ɗalibai ya tsince ta. Ashe ya zama darakta. Allah mai iko.

Kin ce ba ki da kowa a garin. Wannan magana ta tsaya min a rai. Ni da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙani ne, sunan mahaifiyata kika ci, shekara shida kika yi a gidana. Ina raye ba za ki ce ba ki da kowa ba. Na yi abin da ya kamata babba ya yi, na rubuta masa 'yar takarda na ba Bello tare da wannan. Ki kwantar da hankalinki, ki riƙe sallah a kan lokaci.

Kawunki,
Badaruddeen

Dutsen Alhaji, Abuja
14 ga Yuli, 1992

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo, na gode da yaji. Motar Bello ta lalace a Kaduna, shi ya sa na jefa wannan a gidan waya.

Kawu, don girman Allah me ka rubuta wa mutumin nan?

Jiya aka fara kwas. Ranar Juma'a aka manna sunaye a allo, na duba sama na duba ƙasa, babu nawa. A gurbina an sa Sadisu, wanda ni nake gyara masa aiki tun muna Legas. Ni kuwa an tura ni wani aji da aka buɗe wa masinjoji da magatakardan rajista, inda Madam Clara take koyar da yadda ake kunna kwamfuta da yadda ake riƙe ɓera. Jiya awa biyu muka yi muna jan hoton kwandon shara daga hagu zuwa dama. Da na ja nawa sai ta ce a tafa min. Wallahi da ƙyar na riƙe hawaye, ni da na yi digiri a kan abin nan.

Da aka tashi na je ofishin Mista Thaddeus. Ya karɓe ni da fara'a har da ba ni kujera. Ya ce da irin Hausarsa, "Ikilima, me ya sa kai bai faɗa min Malam babanka ne ba? Malam ya ce kai bai iya komai ba tukuna. Kada ka ji kunya, kowa daga ƙasa yana farawa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na rubuta furogiram ɗin Idu." Ya yi murmushi ya ce sashe ne ya rubuta, haka yake gani a allon kwamfuta. Ya ce, "Malam Badaru ba ya ƙarya. Ni na san shi tun kai ba a haife ka ba."

Na fito ban san inda nake jefa ƙafa ba. Ban roƙe ka ka yi masa magana ba, Kawu. Addu'a na ce da littafi. Ina jiran amsarka da gaggawa.

Ikilima

Tudun Wada, Zariya
16 ga Yuli, 1992

Uwata,

Sallama da fatan alheri. Mun ji shiru, mun ce karatu ne ya yi daɗi. Mu lafiya, masarar bayan gida ta fara bunni, akuyar Gwaggonki ta haifi biyu.

Albishirinki. Thaddeus ya amsa min, wani ma'aikacinku da ya zo Zariya ganin gida ya kawo. Takarda mai ladabi ƙwarai, har ya tuna da sandar da nake nuna allo da ita. Ya ce ya yi yadda na umarta, ya ajiye ki inda za ki amfana. Na ji daɗi, na ce tarbiyya ba ta ɓata ba.

Don ki san ban yi wani abin kunya ba, ga abin da na rubuta masa bayan gaisuwa: "Akwai wata 'yata a ɗakin kwamfuta, ɗiyar Yusha'u, 'yar wajen ƙanwata Rabi'atu. Ga ta nan a hannunka. Yarinya ce, ba ta iya komai ba tukuna, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kada ka dubi fuskata ka ɗora ta inda ba ta kai ba. Ka koya mata, ka yi haƙuri da ita."

Kin ga ban roƙi alfarma ba, ban zubar da girma ba. Haka mahaifina ya faɗa ranar da ya kai ni gaban malamina, alhali na riga na sauke. Malamin ya gane, ya sa ni a sahun gaba.

Ki rubuto ki ba ni labarin tagogin.

Kawunki,
Badaruddeen

Dutsen Alhaji, Abuja
20 ga Yuli, 1992

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa da sauƙi. Barka da arzikin akuya. Na ga alama takardata ta ranar 14 ba ta iso ba lokacin da ka rubuto, tana can gidan waya tana hutawa. In ta zo ka haɗa su ka karanta.

Na karanta abin da ka rubuta masa. Na sani, Kawu. Na san abin da kake nufi, duk wanda ya tashi a gidajenmu ya sani. In dattijo ya ce 'yarsa ba ta iya komai ba, a duba da kyau, akwai abu a wurin. Amma malaminka Bazazzagi ne. Mista Thaddeus Hausar ɗakin kwana ya koya, ta cinikin rake da neman sabulu. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa kara. Abin da ka rubuta shi ya karanta, ya ɗauke shi kamar amsar lissafi, ya goge sunana da hannunsa don ya faranta maka. Garin neman gira an rasa ido.

Justina ta je ta same shi ta ce duk ɗakin nan ba wanda ya kai ni. Ka san amsar da ya ba ta? Ya ce ƙawa dole ta yabi ƙawa, amma in uba ya buɗe baki ya ce 'yarsa ba ta iya ba, to abin ya fi yadda ya faɗa muni. Tsohon oganmu da ya ga ina aikin ya yi ritaya, ya ƙi biyo mu Abuja, ba wanda ya san inda yake a Legas. Sadisu ya san gaskiya, amma in mun haɗu a baranda sai ya hau duban takalminsa. Ban ga laifinsa sosai ba, yana da mata da 'ya'ya uku.

Zan faɗi nawa laifin don kada ka ce na ɗora maka duka. Ranar da na gama furogiram ɗin, akwai wurin da ake sa sunan wanda ya rubuta, ya riƙa fitowa a allo in an kunna. Na buga sunana, na dube shi, na ji kamar kana tsaye a bayana. Na goge na sa "Sashen Kwamfuta". Tarbiyyarka ce, ga shi yau ta tashi ta ba da shaida a kaina.

Yanzu ga yadda nake rayuwa. Da safe in ja kwandon shara wajen Madam Clara. In an fita cin abinci Justina ta miƙo min takardun da aka raba musu, in kwafe su a shuɗin littafin nan a tsaye, ina cin gyaɗa. Ajin nasu yana da taga ta baya wajen injin wuta, wani lokaci nakan tsaya can in ji abin da hayaniyar injin ta bari. Jiya Lahadi na yini ina rubuta furogiram a takarda, ba na'urar da zan gwada shi. Abin haushi shi ne ina ganewa. Har wani kuskure na gano a takardarsu ta rana ta huɗu, Justina ta nuna wa malamin, ya yaba mata.

Akwai sauran hanya ɗaya. Na tambayi malaman, sun ce darakta yana da ikon ƙara sunan wanda zai zauna jarrabawa ko da bai shiga aji ba. In na zauna zan ci, da yardar Allah. Amma ba zai ƙara ni ba sai bakin da ya ce ban iya ba ya dawo ya ce na iya. Ka rubuta masa gaskiya ƙarara, ba kwana-kwana, yadda ɗan Binuwai zai gane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Takardar ta iso kafin safiyar Juma'a 31 ga wata. Motar Bello ta gyaru, da shi na aiko wannan.

Ikilima

Tudun Wada, Zariya
24 ga Yuli, 1992

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardunki biyu sun iso rana ɗaya, ta gidan waya da ta hannun Bello. Lafiyarmu ƙalau, sai dai tun ranar abinci ba ya min daɗi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban taɓa zaton yaron nan zai karanta magana a miƙe haka ba. Shekara biyar ya yi a Zariya, ashe kunnensa kawai ya ji Hausa. Na yi baƙin ciki, kuma na ji zafin wasu kalmominki, ko da yake ba zan ce ba ki da hujja ba.

Amma ki dubi abin da kike nema a wurina. In ɗauki alƙalami in rubuta wa wani cewa 'yata ta fi 'ya'yan mutane? Shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa yi ba, ko a kan waɗanda na haifa. Yabon kai jahilci ne, yabon naka kuma ƙaninsa ne. Ban da haka akwai baki. Abin da aka yaba a fili ba ya daɗewa, na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Shirun da nake yi a kanku katanga ce nake yi muku.

Na zauna da takarda sau uku. Ta farko na rubuta cewa kina da ɗan ƙoƙari. Gwaggonki ta sa na karanta mata, ta ce, "Malam, wannan ai ƙara tura ta rami ne. In ba za ka iya ba ka ba ni alƙalamin." Ita da ba ta iya boko ba. Na yaga. Ta biyu da ta uku ma na yaga.

Ba za a samu wata hanya ba? Ki nemi ya ba ki aiki a gabansa ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Ko ki yi haƙuri, abin da yake rabonki ba mai hana ki shi. Tafireta ma aiki ce, ba zunubi ba. Ina nan ina tunani.

Kawunki,
Badaruddeen

Dutsen Alhaji, Abuja
27 ga Yuli, 1992

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na riga na nemi ya gwada ni. Ya ce ba zai kunyata 'yar Malam a gaban mutane ba. Ka ga duk ƙofar da na taɓa, sunanka ne a jikin kwaɗon.

Tafireta ba zunubi ba ce, gaskiya ne. Amma ba don ita ka riƙa tashe ni da asuba kana ba ni lissafi ba. Katangar da ka ce kana yi min, ni ce a waje yanzu.

Saura kwana huɗu. Bello zai juyo daga Zariya ranar Alhamis da rana saboda wani kaya, na roƙe shi ya biya ta gidanka. Ba zan sake roƙo ba bayan wannan.

Ikilima

Tudun Wada, Zariya
1 ga Agusta, 1992

Uwata,

Sallama. Muna lafiya. Ban san ko za ki so ganin rubutuna ba, amma dole in faɗa miki yadda aka yi, kada ki ɗora wa Bello laifi.

Na rubuta. Ranar Laraba bayan la'asar na gama, shafi biyu, ban ɓoye komai ba. Na sa a ambulan na liƙe. Ranar Alhamis Bello ya zo ya yi sallama, takardar tana aljihun rigata. Na fita, muka gaisa, ya ce, "Malam, akwai saƙo?" Na ce masa babu. Ya ce to, ya tafi.

Gwaggonki ba ta yi min magana ba har washegari. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauki sandata na tafi tasha da kaina, na ba wani direban da ban sani ba, na roƙe shi ya kai ofishinku. Na san lokaci ya wuce ko ya kusa. Na aika duk da haka.

Ba ni da hujjar da zan ba ki. Na koyar da yara shekara talatin da huɗu cewa amsa daidai in ta zo bayan an karɓe takarda sifili ce. Ki yafe min in kin iya. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki nemi ganin abin da na rubuta.

Kawunki,
Badaruddeen

Dutsen Alhaji, Abuja
9 ga Agusta, 1992

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Gwaggo. Ka ce mata na sa robar, yoyon ya koma wajen ƙofa. Ka ci abinci don Allah, an ce min ka rame.

An yi jarrabawa ranar Juma'a ba ni. Da la'asar aka aika sunaye, malaman suka kama hanyar Legas. Justina ce ta ɗaya, Sadisu na shida. Ranar Litinin aka ba ni tebur a ɗakin tafireta, kusa da Madam Helen, da wata tsohuwar na'ura da harafinta ɗaya yake maƙalewa sai an ɗago shi da farce. An ce in miƙa wa Sadisu faifan furogiram ɗina, shi zai sake rubuta shi. Kafin in miƙa na roƙi minti biyar a kan tsohuwar kwamfutar, na goge "Sashen Kwamfuta" na sa Ikilima Yusha'u da manyan baƙaƙe. Ihu bayan hari ne, amma na yi.

Takardarka ta iso ranar Litinin ɗin da azahar. Mista Thaddeus ya aiko a kira ni. Na same shi ya cire tabarau, takardar tana gabansa. Bai ba ni kujera ba wannan karon, ya manta. Ya tura min ita ya ce in karanta. Na ce ka hana. Ya ce, "Ni ne oga a nan, ba Malam ba."

Saboda haka na karanta, Kawu. Na ga ka rubuta sunana cikakke, sunan da ban taɓa jin ya fito daga bakinka ba. Na ga inda ka ce ina 'yar shekara goma sha uku ka ba ni wani lissafi da kake ajiyewa don gwada 'yan ajin ƙarshe, na warware shi a kan murfin kwano kafin tuwo ya huce. Na tuna ranar. Ka duba ka ce, "Ba laifi," ka shige ɗaki. Na ɗauka ban burge ka ba, na je bayan ɗaki na yi kuka. Ashe wai shiga ka yi don kada in ga fuskarka.

Na kuma ga layin da ke biye, inda ka ce a shekara talatin da huɗu ɗalibi ɗaya ne ya taɓa warware shi kafin ni, wani bahago mai tawada a hannun riga.

Mista Thaddeus ya ce min a 1961 ya ci casa'in da takwas a jarrabawarka, ka miƙa masa takarda ka ce, "Ba laifi." Ya ce tun ranar yake ganin kai daƙiƙi ka ɗauke shi. Ya yi digiri biyu, ya je Ingila ya dawo, duk yana neman makin nan biyu da suka rage. Ya ce, "Ni ya kamata in gane takardar farko. Ni ma an yi min." Daga nan ya juya ya fuskanci taga, ni kuma na dubi ƙasa.

Ya buga waya sama a gabana. Sun ce bakin alƙalami ya bushe, sunaye sun wuce. Ya ce in an sake kawo kwas baɗi sunana ne na farko, da biro. Ka dai san alkawarin gwamnati, ban sa rai ba. Sadisu ya fara zuwa teburina da tambayoyi, yana tsayawa kamar mai jiran hukunci. Ina amsa masa, don fayil ɗin mutane ne a Idu, ba nasa ba.

Ka ce in yafe maka. Ba zan yi maka kara ba, tunda ita ta kawo mu nan. Har yanzu ina jin haushinka, kullum na ɗago harafin nan da farce sai na ji shi. Na yafe, amma haushin bai tafi ba tukuna. Takardar kuma tana cikin shuɗin littafina, ya bar min ita bayan ya sa an yi masa hotonta. Na karanta ta fiye da yadda zan iya faɗa maka.

Za ka ga wata ambulan a cikin wannan. Amsarsa ce. Ya ce hannunsa ba zai iya rubutawa ba, ya faɗa aka buga masa. Aikin farko ke nan da aka ba ni a sabon teburina. In ka ga wani harafi ya ɗan hau sama, laifin na'urar ne, sauran duk daidai suke. Na iya.

Taka,
Ikilima Yusha'u